Sharhi: Dangin da Ba Jini Ne Ya Haɗa Su Ba



A gidan da na tashi akwai wata tsohuwa da muke kira Inna Babba. Ɗakinta ne na farko in ka wuce zaure. A nan mu yara muke kwana, ita ke raba mana ɗumame da safe, ita ke tsayawa kan wankan jegon duk matar da ta haihu a gidan, kuma in Baba ya ɗauko tsumagiya, da mun ruga bayanta magana ta ƙare, ba ya ƙara taku ɗaya. Ranar da Allah ya yi mata rasuwa, ina zaune a gefen tabarmar makoki, sai na ji wani baƙo yana tambayar ƙanen mahaifina yadda suke da marigayiyar. Baffa ya ce, "Uwarmu ce." Baƙon ya ce, "To ai na san mahaifiyarku, ta jima da rasuwa." Baffa ya sake cewa, "Uwarmu ce," ya juya ya ci gaba da karɓar gaisuwa.

Sai daga baya na ji tushen maganar. Ashe ƙawar kakarmu ce tun suna 'yan mata. Mijinta ya mutu, ba ta da ɗa, kakarmu ta aika aka ɗauko ta, ta zo ta ɗan huta bayan ta fita takaba. Hutun nan ne ya kai shekara talatin da 'yan kai. Ko ɗigon jini bai haɗa mu da ita ba, amma ban taɓa ganin hawaye a idon mahaifina a bainar jama'a ba sai ranar. Hausawa sun ce sabo ake wa kuka.

Bahaushe bai raina jini ba. Shi ya ce ɗan'uwa rabin jiki, shi ya ce naka sai naka. Sai dai mukan manta cewa karin maganar nan ta biyu tana da wutsiya: daɗin zama sai bare. Ku kuma ɗan tsaya ku auna kalmomi biyu da muke faɗa kullum, ɗan'uwa da ɗan'uba. Dukansu jini ne, hasali ma a wajen gado da sunan gida ɓangaren uba ne ke da ƙarfi. Amma ɗaya ta zama sunan ƙauna, har mutumin da ka haɗu da shi yau a tasha kana ce masa ɗan'uwa, ɗayar kuwa ta haifi kalmar 'yan'ubanci, wato gasa da ƙyashi da zaman doya da manja. Me ya raba su? Ɗaki ɗaya, nono ɗaya, kwano ɗaya. Harshenmu da kansa ya yanke hukunci cewa inda aka goya ka da inda ka ci tuwo sun fi jijiya ɗaure zuciya.

Bari mu fara da nonon, domin a nan ne shari'a da kanta ta buɗe ƙofa. A Musulunci, macen da ta shayar da jariri ta zama uwarsa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, mijinta ya zama ubansa, aure ya haramta a tsakaninsu kamar yadda ya haramta ta wajen haihuwa. Aya ta 23 a cikin Suratun Nisa'i ta jera uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa a sahu ɗaya da uwa mahaifiya. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi, ba sai an yi ta maimaitawa ba; muddin nono ya isa cikin yaro a shekarunsa biyu na farko, ko sau ɗaya ne, dangantaka ta ƙullu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Suwaiba, baiwar Abu Lahabi, wadda ita ce kuma ta shayar da Hamza. Don haka da aka yi masa tayin auren 'yar Hamza, sai ya bayyana cewa 'yar ɗan'uwansa ce ta shayarwa. Sa'an nan ga Halimatus Sa'adiyya da kowa ya sani. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na 'yarta Shaima'u. Bayan yaƙin Hunaini, a shekara ta takwas bayan hijira, an kamo ta cikin ribatattun yaƙi na Hawazina. Tsohuwa ce a lokacin, shekara hamsin da ɗoriya sun wuce tun tana goyon ƙanenta a ƙauyen Banu Sa'ad. Ta ce a kai ta wurinsa. Masu tarihi sun ce ta nuna masa tabon cizon da ya yi mata yana jariri. Ya gane ta, ya shimfiɗa mata mayafinsa ta zauna, ya yi mata kyauta, ta zaɓi komawa cikin mutanenta, ya sallame ta da girma.

A Madina kuma an ƙulla wata irin 'yan'uwantaka da ba nono ba jini. Musulmin Makka sun baro gidajensu da dukiyarsu a shekarar 622, sun iso hannu rabbana. Aka ɗauki mai hijira guda aka haɗa shi da mutumin Madina guda, aka ce daga yau ku 'yan'uwa ne. Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Abin ya yi ƙarfi har da farko suna gadon juna, kafin hukunci ya sauko ya mayar da gado ga dangi na jini.

To a nan ne iyaka take, kuma ya kamata mu riƙe ta, don za mu dawo kanta. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a hannun Annabi har ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai Suratul Ahzabi ta zo ta ce a kira kowa da sunan ubansa. Ke nan riƙo halal ne, lada ne babba, amma ba a shafe asalin yaro. Wannan tsari na riƙo, da Larabawa ke kira kafala, har yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyaye.

Yanzu mu leƙa wasu ƙasashe, mu ga yadda wasu suka yi da tasu buƙatar.

Mafi nauyi a wurina shi ne abin da ya faru a cikin jiragen ruwan bayi. Fiye da mutum miliyan 12 aka loda daga gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka cikin shekaru ɗari uku da wani abu. An raba uwa da ɗa tun a bakin teku, an cakuɗa ƙabilu, mutum ya kwana ɗaure da sarƙa ɗaya da wanda ba ya jin yarensa, wata biyu ko fiye, cikin duhu da wari da gawa. Waɗanda suka sauka da rai ba su da kowa. Sai suka mayar da abokin jirgi ɗan'uwa. A Burazil sunansa malungo, kalmar da ta fito daga harsunan yankin Angola da Kwango. A Jamaika, waɗanda jirgi ɗaya ya kawo suna ɗaukar juna wa da ƙanwa, har kusantar juna ta aure abin ƙyama ce a wurinsu, 'ya'yansu kuma suna kiran abokin jirgin ubansu da irin sunan da ake kiran baffa. Ba malami ne ya ba su fatawa ba, ba sarki ne ya kafa doka ba, wahala ce ta ƙulla. Kuma kada mu ɗauka labarin wasu ne can. Akwai Hausawa da yawa cikin waɗanda aka sauke a Bahiya ta ƙasar Burazil a farkon ƙarni na 19, su ne ma aka kama da shirin tawaye a birnin Salbado a 1807.

Da aka hana bauta, Turawan Ingila suka koma ɗibar Indiyawa 'yan ƙwadago zuwa gonakin rake, suka fara sauke su a Guyana a 1838, a Tirinidad kuma a 1845. A gida Indiya, ɗan babban gida ba ya cin abinci da wanda ake ganin ƙasƙantacce ne. A cikin jirgi kuwa tukunya ɗaya ce, wata uku ana tafiya, Hindu da Musulmi, mai asali da marar asali. Suka sauka suna kiran juna jahaji bhai, wato ɗan'uwan jirgi. Masu kallon finafinan Indiya a cikinku sun san bhai, ba sai na fassara ba. Zumuncin nan ya bi 'ya'ya da jikoki, ana zuwa bikin juna da makokin juna kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Japanawa su kuma lissafi suka sa a cikin abin. A can, mafi yawan waɗanda ake ɗauka a matsayin 'ya'ya ba jarirai ba ne, maza ne baligai. Gidan da ke da sana'a ko kamfani, in ba shi da ɗa namiji, ko yana da shi amma ba zai iya ba, sai a nemo saurayi mai ƙwazo a aura masa 'yar gidan, ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki na surukansa, a rubuta shi ɗa a takarda. Duk wanda ya taɓa hawa babur ko mota ƙirar Suzuki ya taɓa aikin irin wannan ɗa. Osamu Matsuda ma'aikacin banki ne, ya auri jikar Michio Suzuki wanda ya kafa kamfanin, ya koma Osamu Suzuki, ya shiga kamfanin a 1958, ya zama shugabansa a 1978, ya riƙe ragamarsa fiye da shekara 40, ya rasu a watan Disambar 2024 yana da shekara 94. Mu a wajenmu, namijin da ya tare a gidan surukai ya sha gori, balle a ce ya sauya suna, kuma addini ma bai yarda da sauya nasaba ba. Amma ku dubi shagunan da ke rufe a kasuwanninmu shekara biyu bayan rasuwar mai su, alhali yaron shagon da ya yi shekara ashirin yana riƙe da makulli, ya san kowane dila da kowane mai bashi, an sallame shi ranar sadakar bakwai. Rumawan dā ma sun yi irin na Japan a kan sarauta: sarakuna huɗu a jere, daga Nerba zuwa Antoninus, kowanne ɗan riƙo ya bar wa gadon mulki, kuma ana lissafa zamanin cikin mafi kwanciyar hankali a tarihin daular. Da Markus Aureliyus ya bar wa ɗan cikinsa Komodus a shekara ta 180, sai abubuwa suka lalace.

A Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, har da Filifin, wanda ya tsaya wa yaro ranar baftisma ya zama uba na biyu, shi da mahaifin yaron kuma su riƙa kiran juna kompadre har mutuwa, da girmamawar da wani lokaci ta fi ta wa da ƙane. Talaka kan nemi mai hali ya tsaya wa ɗansa don ya samu inuwa. In kun ji ƙamshin uban ɗaki da yaronsa a nan, ba ku yi kuskure ba.

Mu dawo gida. Kusan duk abin da na lissafo muna da irinsa, da sunansa. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, da an yaye shi sai kaka ko gwaggo ta ɗauke. Wadda ta haifa tana kau da kai, wadda ta riƙa ita ke rungumewa. Kishiyar da ba ta haihu ba akan ba ta ɗa ya zama ɗan ɗakinta, ita za ta yi masa aure, ɗakinta za a kai jikoki. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da Baturiya Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta rayu da 'ya'yan riƙo da dangi suka ba ta, ta aurar da su, ga ƙawaye, ga ƙannen rana. Almajiri ya zo daga nisan duniya, ya samu uwar ɗaki a unguwa, tana ajiye masa tuwo, yana yi mata aike, wani har ya girma ya yi arziki bai daina zuwa gaishe ta da sallah ba. A zangon Kumasi ko Sabon Ibadan, baƙon da ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro, maigida ne ke ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce masa bashi, in ya zauna ya nema masa mata, in ya mutu ya yi masa sutura. Fatauci tsakanin Kano da Gwanja bai yiwu da takardar banki ba, da wannan amana ya yiwu.

Har garuruwa da ƙabilu sukutum mun mayar taubasai. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe: su haɗu su yi wa juna tsiya son ransu, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, ba mai fushi, kuma in rigima ta tashi abokin wasa kan shiga tsakani a ji maganarsa. A Nijar an ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa a 2014.

To ina matsalar? Ga ta. Dangin jini yana da alƙali. In wa ya danne wa ƙane gado, akwai kotu, akwai lissafi, akwai sumuni da sudusi. Wannan dangin na biyu ba shi da alƙali sai kunya da tsoron Allah. In suka yi ƙaranci, sunan kawai ke saura. Kuma a ganina, abin da ke faruwa da mu ke nan. Ana zuwa ƙauye a ɗauko yarinya 'yar shekara tara da sunan riƙo, a ce wa iyayenta za a sa ta makaranta. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, 'ya'yan gida su tafi makaranta da mota, ita ta bi su da kwandon abinci. A gaban baƙi a ce, "Ai 'yarmu ce." In 'yarku ce, ina allonta, ina littafinta? Wannan aikatau ne aka yi wa lulluɓi da sunan zumunci, kuma aikatau ma ya fi shi gaskiya, don shi ana biya. Haka agola, yaron da ya bi uwarsa gidan wani miji: a wasu gidajen shi ne mai laifin duk abin da ya ɓace, kwanonsa daban, har kalmar kanta ta zama zagi a bakin yara.

Wanda kuma aka riƙe da gaskiya, ranar rabon gado yake gane matsayinsa. Na halarci wani rabo a unguwarmu. Marigayin ya ɗauki maraya tun yana rarrafe, ya girma a shagonsa, shi ya yi jinyarsa shekara huɗu, shi ke juya shi a kan gado, shi ke kai shi asibiti, yayin da 'ya'yan cikinsa ke wasu garuruwa suna bugo waya. Malamai suka zo suka raba daidai yadda shari'a ta ce, ba su zalunci kowa ba. Yaron nan, wanda a lokacin magidanci ne mai 'ya'ya uku, yana tsaye yana zuba wa mutane ruwa. Bai samu ko tabarma ba, kuma kafin shekara ta zagayo an sayar da gidan, an ce ya nemi wuri. Mutane suka yi ta cewa magada ba su kyauta ba. Haka ne. Amma ni na fi ganin sakacin marigayin, Allah ya gafarta masa. Shari'ar da ta hana ɗan riƙo gado ita ce ta ba mutum damar yin wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ba ga wanda ba magaji ba, ita ce kuma ta ba shi damar yin kyauta yana da rai da lafiya, a miƙa, a karɓa, a kafa shaidu. Ƙofa biyu a buɗe, bai bi ko ɗaya ba, saboda mu ba ma son zancen mutuwa, muna cewa yara ai sun san shi ɗan'uwansu ne. Sun sani, har ranar da aka kira kuɗin gidan.

Wani zai ce, to ai ɗan riƙo ma wani lokaci butulu ne, ka ɗauke shi ka raine shi, ya girma ya koma wa danginsa ko ya juya maka baya. Ana yi. Ɗan cikinka ma yana yi, kuma ba mu taɓa jin an daina haihuwa saboda haka ba.

Sai batun nono, wanda sakacinmu a kansa ya fi ba ni tsoro. A gidan yawa, mace ta tafi rafi ko kasuwa ko ta kwanta ciwo, jaririnta ya yi kuka, matar wa ko maƙwabciya ta ɗauka ta ba shi. An yi taimako, an manta. Bayan shekara ashirin da biyar, an ɗaura aure tsakanin taubasai, har an haihu, sai wata tsohuwa ta tuna. Duk wanda ya zauna kusa da malamai ko kotunan shari'a ya ji irin wannan, kuma ya san yadda gida ke rushewa a yini ɗaya. Maganinsa bai fi takarda da alƙalami ba.

Saboda haka, iyayenmu mata da kuke saurare, wadda ta san ta taɓa shayar da ɗan wata, ta faɗa yau tun tana da rai, a rubuta sunan yaron da nata, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Alhaji, in akwai yaron da ya tashi a hannunka, ka gaya masa sunan ubansa da garinsu, kada ya ji a bakin 'yan gulma, sa'an nan ka kira malami da shaidu biyu a cikin makon nan ka rubuta abin da ka bar masa. Hajiya, yarinyar nan da kike ce wa baƙi 'yarki ce, ranar Litinin a kai ta makarantar da naki suke zuwa.